Maɓallin Fuskar Waya da Kwamfuta: Yadda Aka Gina Shi Daga Ɗigo da Layi

Maɓalli, da gurbin rubuta suna, da jerin zaɓi, da ɗan akwatin da ake sa wa alamar amincewa, su ne ƙananan kayan aikin da mutum ke taɓawa a fuskar waya ko kwamfuta, waɗanda masu sana'ar ke kira wijet. Babu ɗaya daga cikinsu da na'ura ta san da zamansa. Iyakar abin da ta iya shi ne kunna ɗigo, da jan layi, da cike murabba'i da launi, da ɗora harafi. Mai POS a bakin Babbar Kasuwar Sakkwato idan ya danna wurin tura kuɗi, gilashi kawai ya taɓa. Manhaja ce ta zana murabba'i a wurin, ta riƙe iyakokinsa huɗu, ta lura yatsa ya sauka a cikinsu, sannan ta sake zana shi da wani launi don mai dannawa ya san an ji shi. Zane, da iyaka, da tuna halin da ake ciki: daga waɗannan uku ake haɗa kowane maɓalli.

Aikin ya yi kama da na mai zayyanar allon sauka. Alƙalami da tawada ne a hannunsa, layi da da'ira da murabba'i kaɗai yake ja, amma jerawa da maimaitawa su ke fitar da adon.

Mafari

A 1962 wani injiniyan kamfanin IBM, Jack Bresenham, ya gano hanyar jan miƙaƙƙen layi a kan ɗigogi da tarawa da ragewa na cikakkun lambobi kawai, ba tare da lissafi mai nauyi ba. A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, inda ake zane a fuskar kwamfuta da alƙalamin haske. Abin da ya fi zanen kansa muhimmanci shi ne tsarin uwa da 'ya'ya: a zana siffa sau ɗaya, a yi ta fitar da kwafinta, in an gyara uwar sai 'ya'yan duka su gyaru. A kan wannan tunani kowane maɓalli na yau yake tafiya. Douglas Engelbart kuma ya nuna linzamin kwamfuta a bainar jama'a a San Francisco ranar 9 ga Disamban 1968.

Babban sauyi ya zo ne a 1973 da kwamfutar Alto ta cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto. Fuskarta na da ɗigo 606 a faɗi, 808 a tsaye, kuma kowane ɗigo yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwar na'urar, ko baƙi ko fari. Hoton fuskar kaɗai yakan cinye kusan rabin ƙwaƙwalwar, tsadar da ba kowa zai yarda da ita ba a wancan zamani. Sai dai ribar ta fi: tunda komai ɗigo ne, ana iya zana komai. A 1975 Dan Ingalls ya rubuta BitBlt, ɗan umarnin da ke ɗauke murabba'in ɗigogi daga wani wuri ya ɗora a wani cikin hanzari. Da shi jerin zaɓi ke fitowa ya rufe rubutu, ya ɓace, rubutun ya dawo yadda yake, domin an adana abin da ke ƙasa kafin a rufe shi.

Kusurwar da aka lanƙwasa

Kamfanin Apple ne ya kai wannan fasaha kasuwa sosai, da Lisa a 1983, da Macintosh a Janairun 1984. Bill Atkinson ya rubuta musu QuickDraw, rumbun umarnan zane da komai na fuskar ke dogaro da shi. Na'urar ba ta da ƙarfin fitar da tushen lamba da sauri, wanda kuwa zanen da'ira ke buƙata, sai ya yi amfani da wata dabara ta lissafin firamare: ɗaya da uku huɗu, a ƙara biyar tara, a ƙara bakwai sha shida. Tara lambobin mara a jere kullum yana ba da lamba sau kanta, don haka tarawa kaɗai ta isa a san inda bakin da'ira zai faɗa.

Andy Hertzfeld, abokin aikinsa, ya ba da labarin cewa a 1981, da Atkinson ya nuna wannan, Steve Jobs bai gamsu ba. Murabba'i mai lanƙwasassun kusurwoyi yake so. Atkinson ya ce ba a buƙatarsa, Jobs ya ja shi waje yana nuna masa irin siffar a kan titi, har da allon hana ajiye mota, sai da ya sallama. Washegari Atkinson ya zo da shi yana aiki. Wannan siffa ta zama jikin maɓallin Macintosh, kuma har yau ita ce a kusan kowace manhajar banki. Susan Kare kuwa a takarda mai gidaje-gidaje ta fara zana gumakan na'urar, gida 32 sau 32, tana cike wasu tana barin wasu.

Wa zai zana?

Daga nan gardama ta koma kan wanda ke da alhakin zanen. Tsarin X, wanda aka fara a MIT a 1984, ya ba da layi da murabba'i da harafi kawai, ya bar siffar maɓalli ga mai so. Sai rumbuna suka yi ta fitowa a kansa: Athena, da Motif a 1989, da Tk na John Ousterhout a 1991, da Qt daga ƙasar Norway a 1995, sannan GTK da aka haifa daga manhajar gyaran hoto ta GIMP. Kowanne da kamanninsa, kuma kwamfuta ɗaya takan tara manhajoji masu maɓallai iri uku ko huɗu, abin da ya daɗe yana ɓata wa masu amfani rai.

Windows ta bi ɗaya hanyar, ta ba kowa maɓalli ɗaya. Na Windows 95 ya cancanci a dube shi da kyau. Murabba'i ne mai ruwan toka, da farin layi a sama da hagu, da baƙin layi a ƙasa da dama. Ido sai ya ɗauka haske na zuwa daga sama ta hagu, abin kuma ya taso. In an danna, sai a juya inuwar, a gusar da rubutun ɗigo ɗaya ƙasa da dama, maɓallin ya zama kamar ya nutse. 'Yan layuka ne kawai, amma sun koya wa miliyoyin mutane inda ake dannawa ba tare da an ce musu komai ba. Da Apple ya baje komai a iOS 7 a 2013, inuwar ta tafi, kuma akwai hujjar cewa an yi asara: sabon shiga yakan rasa gane rubutun da ake dannawa da wanda ake karantawa kawai.

Java ta gwada hanyoyin biyu, ta fara da aron maɓallan kowace na'ura, daga baya ta fito da Swing mai zana nasa. Masu wasannin kwamfuta suka ƙara wata hanya, wadda Casey Muratori ya yayata a 2005: kada a adana maɓalli ko kaɗan, a sake zana shi a kowane juyi na hoto. Flutter na Google, wanda ya fito sosai a Disamban 2018, shi ma da kansa yake zana kowane ɗigo.

A Sakkwato

Jama'ar Sakkwato da yawa ba ta kwamfutar tebur suka fara haɗuwa da wannan fasaha ba, ta wayar hannu ce, bayan shigowar GSM Nijeriya a 2001. Fuskar Nokia 3310 ɗigo 84 ne sau 48, wato 4,032 gaba ɗaya, amma a ciki aka cusa jerin zaɓi, da alamar ƙarfin sabis, da ta caji, da wasan maciji. Zaɓin da ake kai a juya launinsa kawai ake yi, baƙi ya koma fari.

Jarrabawar JAMB ta kwamfuta, da aka soma a 2013 ta zama dole a 2015, ta nuna iyakar maɓallin da aka zana. Ɗalibin da bai taɓa riƙe linzami ba, sanin amsa bai ishe shi ba in kibiyar ta ƙi zama a kan zaɓin. A 2017 hukumar ta kawo tsarin haruffa takwas na allon bugawa, ciki har da A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa, aka raba ɗalibi da wahalar saita kibiya.

Inda aikin ya fi tsauri shi ne rubutu. Zana murabba'i abu ne mai sauƙi, amma gurbin rubutu sai ya auna faɗin kowane harafi, ya san inda zai karya layi, ya kuma samu siffar harafin a rumbunsa. In babu ƙ ko ɗ ko ɓ a rumbun, sai ya ajiye fanko, ɗan akwati marar komai, abin da masu rubuta Hausa a tsofaffin wayoyi suka sha gani har da yawa suka haƙura da lanƙwasa. Ajami ya fi wannan wuya, a garin da Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu ke ajiye da tarin rubuce-rubucen hannu. Rubutun daga dama yake tashi, don haka tsarin fuskar duka sai an juya shi, kibiyar gaba ta kalli hagu. Harafi yana sauya siffa a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Ga kuma salon Warshu da ake karatu da shi a makarantun allo, mai fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. A 2016 tsarin Unicode ya ba fa da ƙaf na Warshu lambobinsu na musamman, a 2020 ya ƙara wasu haruffan na Ajamin Hausa, ƙungiyar SIL kuma ta fitar da salon haruffa mai suna Alkalami, wanda ta ɗauko daga hannun marubutan Kano.