Tufafin mutanen kwale-kwale a Nansha

Ɗan kasuwar da ya je Nansha, a kudancin Guangzhou, kwantenoni yake gani da manyan jiragen dakon kaya. Kafin tashar nan, yawancin wurin laka ce da Kogin Lu'ulu'u ya tara, kuma masu zama a kan ruwan su ne Tanka. A kwale-kwale ake haifarsu, a ciki suke aure, a ciki suke tsufa. Mutanen tudu sun raina su, ba sa ba su aure. Sarki Yongzheng ya ba da umarni a 1729 cewa a bar su su yi gida a tudu, amma yawancinsu sai bayan 1950 suka sauka.

Ni a hotunan John Thomson na fara ganin fuskokinsu. Mutumin Sukotlan ne, ya zauna a Hong Kong daga 1868, ya zaga China har 1872 yana jan akwatunan gilashi da magungunan wanke hoto. Matan jirgin Canton, wato Guangzhou, da ya ɗauka, ga ɗankwali an ɗaure a ƙarƙashin haɓa, ga riga mai faɗin hannu da ake ɓallewa ta gefe, wata da goyo a baya. A zamanin da 'ya'yan masu hali ke naɗe ƙafa tun suna ƙanana don ta tsuke, waɗannan ba ruwansu. Mai tuƙi a tsaye ina ita ina naɗin ƙafa? Wandonsu ma mai faɗi ne, a naɗe shi a shiga laka, ya bushe da wuri.

Abin da ke ci min rai, babu sunan ko ɗaya. "'Yar jirgi" kawai. Haka aka yi wa Inuit na arewacin Kanada da rigunansu na fata, sai a 2002 gidan adana tarihin ƙasar ya fara kai hotunan ga dattawa su faɗi wane ne wane.

Hoton baƙi da fari kuma ya haɗiye launi. A da, masuntan yankin Kogin Lu'ulu'u suna jiƙa taru da tufafi a ruwan wata doyar daji mai suna shuliang, ja-ja mai kaurin jini, don kada ruwan gishiri ya cinye zare. Da wannan ruwan ake rina siliki, a shanya a kan ciyawa, a sake tsomawa sau da yawa, sannan a shafe fuska ɗaya da lakar kogi. Ƙarfen da ke cikin lakar ne ke mai da ita baƙa mai sheƙi, kamar rinin Ƙofar Mata bayan ya sha bugu, bayanta kuma ya tsaya ruwan ƙasa. Sunansa xiangyunsha. Gwamnatin China ta sa rininsa cikin kayan gadon ƙasa a 2008, kuma har yau ana shanya shi a filayen Lanhe, garin da aka haɗe da Nansha a 2012. Kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin masunci.