Cutar mantuwa da wasannin tabarau na kwamfuta

Cutar mantuwa, wadda likitoci ke kira démence da Faransanci, lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce sannu a hankali. A unguwannin Hausawa irin su New Bell a Duwala, akan ce gigin tsufa ne ko sammu, alhali ciwo ne na asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfin arziki. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer.

Daga cikin alamunta na farko akwai ɓatan hanya. Dattijon da ya shekara 40 yana zuwa masallaci ɗaya sai ya kasa gane lungun gidansa. Dalili kuwa, sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe taswirar wuri yana cikin waɗanda ciwon ke fara taɓawa.

A nan ne wasannin suka shigo. Akan ɗaura wa mutum wani tabarau mai allo a ciki, sai ya ga kansa a kasuwa ko a kan ruwa, a ce ya nemo hanya ko ya tuna kayan cefane. A 2016 kamfanin Deutsche Telekom na Jamus, tare da jami'o'in Ingila, ya fitar da wasan Sea Hero Quest a waya, na tabarau ya biyo baya a 2017. Mutum sama da miliyan 4 sun buga shi, masana suka auna yadda iya gane hanya ke raguwa da shekaru. A 2019 masu bincike a Jami'ar Cambridge suka nuna gwajin tabarau na iya taimakawa wajen gano ciwon da wuri.

Sai dai wasa ba ya warkar da cutar. Yana motsa tunani, yana ɗebe kewa, amma yakan sa wasu jiri da tashin zuciya, ga kuma tsadar na'urar.

Abin da ke hannun iyali ya fi wannan sauƙi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa ana iya kauce wa kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar, ko jinkirta ta, ta hanyar kula da abubuwa 14, ciki har da hawan jini, ciwon sukari, raunin ji, shan taba da zaman kaɗaici. Saboda haka kada a kulle tsoho a ɗaki. A bar shi cikin hira da jama'a, a riƙa auna masa jini. Idan ya fara ɓata a hanyar da ya sani, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin Laquintinie ko Babban Asibitin Duwala.