Cutar Newcastle: Annobar Kaji da ke Zuwa da Hunturu

Cutar Newcastle, wadda makiyaya da dama a ƙasar Hausa ke kira fakat, cuta ce mai saurin yaɗuwa da ke kama kaji, zabi, talotalo da tantabaru. Ƙwayar cuta ce nau'in bairos ke haddasa ta, kuma tana taɓa hanyoyin numfashi, hanji da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan mai tsanani ta faɗa wa kajin da ba a yi wa riga-kafi ba, tana iya share akurki baki ɗaya cikin 'yan kwanaki.

An fara gano ta a tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya a 1926, sannan a birnin Newcastle na Ingila, inda ta samo sunanta. A Nijeriya an fara tabbatar da ɓullarta a farkon shekarun 1950, kuma tun daga lokacin ba ta rabu da ƙasar ba.

Alamomi kan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 15 bayan kamuwa. Kaza takan yi sukuku, ta daina cin abinci, ta riƙa buɗe baki tana numfashi da ƙyar, tare da zawo mai launin kore. Masu ƙwai kan rage yi, ko su yi mai laushin ɓawo. Idan cutar ta kai ga jijiyoyi, wuya yakan murɗe, kaza ta yi ta zagaye wuri guda, ƙafa ko fiffike ya shanye. Da yake alamominta sun yi kama da na murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006, gwajin asibitin dabbobi ne kaɗai ke raba gardama.

Cutar ta fi yin ɓarna daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin sanyi da ƙurar hunturu. A ƙauyukan Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, irin su Wurogauri, kiwon sake ake yi: kajin gida daban-daban na kiwo tare, suna shan ruwa wuri guda. Ƙwayar tana bin kashin kaza, majina, keji, takalmi da hannun mai kiwo. Agwagi kuwa sukan ɗauke ta ba tare da sun nuna alama ba.

Kasuwa ce babbar hanyarta ta shiga birni. Da zarar mutuwa ta fara a gida, mai kaji kan yi hanzarin sayar da sauran da araha don rage asara. Fatake su haɗa su da lafiyayyu a keji ɗaya zuwa kasuwannin Jega da Birnin Kebbi, ma'aikaci ya sayi zakara ya sake shi cikin kajin bayan gidansa. Araha ba ta ado, domin wannan zakaran na iya cinye jarin shekara guda. A karkara asarar ta fi faɗa wa mata, waɗanda kaji ne asusunsu na maganin yara da hidimar biki.

Cutar ba ta da magani. Kafso da sauran magungunan kashe bakteriya da ake zubawa a ruwan sha ba sa taɓa bairos. Riga-kafi ne kariya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa Lasota da Komarov, da kuma I-2, wanda aka samar da shi a Ostareliya domin kajin karkara saboda yana jure zafi fiye da saura. Ana ɗiga shi a ido, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ya fi dacewa a yi kafin shigowar hunturu, domin riga-kafi ba ya ceton kazar da ta riga ta kamu.

Duk sabuwar kaza a keɓe ta tsawon mako biyu zuwa uku kafin a haɗa ta da na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙona, kada a yar a juji. Ga ɗan Adam cutar ba ta da wani babban haɗari, sai dai jan ido na ɗan lokaci ga masu mu'amala da kaji. Idan aka ga mutuwa ta yi yawa lokaci guda, a gaggauta sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma.