Daga Fam Zuwa Naira: Tarihin Kalmomin Kuɗi a Turanci

Mai karatu, ka taɓa jin dattijo ya ce "fam biyar" alhali naira goma yake nufi? Ba kuskure ya yi ba. Ranar 1 ga Janairu, 1973, da Najeriya ta koma naira, fam ɗaya naira biyu aka canza shi, sai lissafin ya zauna a bakin mutane.

Shi fam daga "pound" muka aro shi, kuma asalinsa ma'aunin nauyi ne, wato nauyin azurfa. Alamarsa £ harafin L ce, daga kalmar Latin "libra". A Ingila fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kuma kwabo 12, har zuwa 15 ga Fabrairu, 1971, da suka raba fam gida 100. Sulenmu daga "shilling" ya fito, sisi daga "sixpence", kwabo kuwa daga "copper", sunan jan ƙarfen da ake buga shi da shi. Dala fa? Tushenta ɗaya da "dollar": kuɗin azurfa na garin Joachimsthal a Bohemiya, wanda aka taƙaita sunansa zuwa "thaler". Har gobe a Nijar dala na nufin sefa 5.

To, ga inda ɗalibai ke zubar da maki. A Turanci ba a ƙirga kalmar "money", shi ya sa ake tambaya da "how much", ba "how many" ba. Abin ƙirgawa shi ne fam ko naira. Mu ma muna da irin wannan: kuɗi asali jam'in wuri ne, amma yau ba mai cewa "kuɗi uku".

Haka "penny" na da jam'i biyu. "Pennies" su ne tsabar da ke tafin hannunka, "pence" kuwa darajarsu ce. Sannan idan adadi ya zo yana siffanta takarda, harafin jam'i faɗuwa yake yi: "a five-pound note". Kuma adadin kuɗi abu ɗaya ake ɗaukarsa, sai ka ce "ten pounds is enough".

Ita naira ba ta karɓar "s" ko kaɗan. In ka zo cike takardar banki ko rubuta jarrabawa, "ten naira" za ka rubuta.