Masu Yi Wa Tsofaffin Motoci Alƙalanci

Akwai wani alƙalanci da babu albashi a cikinsa, babu kotu, kuma wadda ake yi wa shari'ar mota ce. Mutum zai biya kuɗin hanya da na masauki daga aljihunsa, ya yi sammako, ya durƙusa a kan ciyawa mai raɓa yana leƙen ƙarƙashin motar da ta girme shi, don kawai ya gano ko notin da ke riƙe da salansa irin wanda kamfani ya ɗaura ne. Wanda ya saba da garejojin hanyar Makurɗi ko hanyar Jos a Lafia zai ce ai wannan aikin bakanike ne. Ba haka ba ne. Damuwar bakanike ita ce mota ta tashi, dillali kuma kuɗinta yake lissafawa. Shi wannan alƙalin so yake ya san ko haka motar take ranar da mai ita na farko ya karɓi makulli. Kuma ba da wannan tambaya aka fara ba.

Da kwalliya aka fara. Masu hannu da shuni na Faransa sun daɗe suna fitowa da kekunan dokinsu wuraren shaƙatawa na birnin Paris don a gani a yaba, da mota ta zo sai ta gaji al'adar. Gasar Villa d'Este da aka buɗe a 1929 a bakin tafkin Como na ƙasar Italiya ta sababbin motoci ce, kamfanonin ƙera bodi ne ke baje fasaharsu, alƙalai kuma manyan baƙi ne masu ido a kan kyau. Babu mai buƙatar leƙa inji.

Turawan Ingila ne suka shigo da maganar shekaru. A 1927 aka farfaɗo da tafiyar tsofaffin motoci daga Landan zuwa Brighton, don tunawa da wadda aka yi a 1896 lokacin da aka sassauta dokar gudun mota. A 1930 aka kafa ƙungiyar Veteran Car Club. Ƙa'idar tafiyar ita ce sai motar da aka ƙera kafin 1905, don haka dole aka sami masu zama su bi lambar inji da ta casis da tsofaffin takardun kamfani su tabbatar da shekarar haihuwar kowace mota. Daga nan aikin ya fara komawa hannun masu ilimin abin, ko da kuwa ba su da ko sisi.

Gasar Pebble Beach ta jihar Kalifoniya ta nuna yadda sauyin ya faru a fili. Da aka fara ta a 1950, sabuwar mota ce fil ta lashe babbar kyauta. Sai a 1955 wani matashin direban tsere, Phil Hill, ya zo da Pierce-Arrow ƙirar 1931 wadda ya gyara, ya ci. Wannan Phil Hill shi ne ya zama zakaran tseren Formula 1 na duniya a 1961, daga baya kuma ya shafe shekaru da dama yana alƙalanci a wannan fili. A farkon shekarun 1970 aka raba alƙalan gida biyu: masu bin diddigin asali da maki 100, da alƙalan girmamawa masu duba kyawun ƙira.

Amma inda talaka ya sami shiga shi ne ƙungiyar Antique Automobile Club of America, wadda wasu 'yan tsiraru suka kafa a Philadelphia a 1935, wadda kuma babban taronta na watan Oktoba a garin Hershey yake gudana tun 1955. Duk motar da ta kai shekara 25 tana iya shiga. Alƙalanta duka 'yan sa-kai ne: malamin makaranta, manomi, ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya. Hanyar shiga a buɗe take. Ka zama ɗan ƙungiya, ka zauna ajin koyon alƙalanci, ka fara fita fili a matsayin almajiri kana bin na gaba, sannan a sa ka cikin tawaga. Duk fitar da ka yi ana rubuta maka, da haka ake hawa har a kai ga jagorancin tawaga.

Yadda suke aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Kowace mota tana shiga fili da maki 400, kuma da ƙafarta za ta shiga, ba a turo ta. Tawaga mutum biyar ce: ɗaya na duba jiki da fenti, ɗaya cikin mota, ɗaya ƙarƙashi, ɗaya inji, sai jagora. Ba a ƙara wa mota maki, ragewa kawai ake yi. Alƙali ba ya taɓa mota. Mai ita ne zai buɗe bonet da but da ƙofofi, ya ja da baya. Mai duba inji zai sunkuya, hannuwansa a bayansa, ya bi wayoyi da ido, ya dubi maɗaurin tiyon lagireto. In ya ga irin na zamani a motar 1950, ya rage maki. In taya ba irin ta zamaninta ba ce, an rage. Ko da mai mota ya goge injin yana ƙyalli fiye da yadda kamfani ya taɓa yi, bai sami ƙarin komai ba. In akwai abin da ake shakka, jagora ne kaɗai zai yi magana da mai motar, shi kuma mai motar ne zai kawo hujja daga littafin kamfani. Kyautar matakin farko tana buƙatar aƙalla maki 365. Motar da ba ta da tukunyar kashe gobara a gefenta ba a ma duba ta. Kuma ba a barin mutum ya yi alƙalanci a rukunin da tasa motar take.

Wannan tsari ya haifi nasa ciwon. Masu kuɗi suka riƙa kwance mota har ƙusa ta ƙarshe, a sake fenti, a sake kujeru, a sake komai, ta fito ta fi sabuwa kyau, amma babu sauran abin da hannun maƙeranta na farko ya taɓa. Sannu a hankali aka farga cewa ana wanke tarihi ne da sunan gyara. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, mai cewa a mutunta alamun tsufa da tarihin da mota ta ɗauko. A 2024 Bugatti Type 59 ƙirar 1934, da ƙujewar fentinta da tsohuwar fatar kujerunta, ta lashe babbar kyautar Pebble Beach, karon farko ke nan da motar da ba a sabunta ba ta yi haka.

To mu fa? Motocin da za mu kai irin wannan fili muna da su, kuma tarihinsu namu ne. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, ana ɗauko kayan ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano. Lokacin kuɗin Udoji sun shiga aljihun ma'aikata, kowa na neman 504. Ita wannan mota ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, kuma Kaduna ba ta daina ƙera ta ba sai wajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta bar ta. Yayarta 404, musamman akori-kura, ita ta san hanyoyin Doma da Obi da Awe, tana kwaso doya da riɗi da shinkafa zuwa kasuwar Lafia tun garin yana ƙarƙashin Filato, kafin a ƙirƙiro jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoban 1996. Bayan tsarin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika hanya. Wanda ke da tsohuwar Peugeot ya riƙe abarsa da walda da dabara.

Wannan dabara ita za ta kayar da mu a takardar maki 400. Ɗauki akori-kurar da ke lodi a tasha: injin wata motar ne, kafireto na wata, fitilun gaba na wata, an ƙara mata ganyen sifirin don ta ɗauki lodin da ya ninka ƙarfinta, an rubuta addu'a a bayanta da fentin gida. FIVA ma ba za ta kira ta motar tarihi ba, domin a wurinta sai wadda ta kai shekara 30 kuma ba a fita neman abinci da ita kullum. Ni ba na cikin masu cewa kowace irin wannan mota taska ce. Yawancinsu sun gaji ne kawai. Amma zubar da su gaba ɗaya asara ce, domin wanda ya ƙara sifirin nan ya san hanyar Awe da damina fiye da injiniyan Peugeot na Sochaux a Faransa. Su rukuninsu daban ya kamata a yi musu, a auna ingancin dabarar.

Waɗanda za su iya tsayawa a gaban kowane alƙali suna cikin gidaje: 504 ɗin tsohon sakatare da aka jingine a gindin mangwaro, an lulluɓe da tamfol, da tsohuwar lambar Filato a jikinta, rasit ɗin saye na cikin akwati. Magada kan sayar da irinta ga 'yan gwangwan a kan kuɗin ƙarfe. A nan ma sai an yi aikin da littafin Faransa ba zai yi mana ba. Motar Kaduna ba daidai take da ta Sochaux ba, domin an riƙa sa mata kayan gida, kuma Michelin na Fatakwal da Dunlop na Ikeja sun daina yin taya a ƙasar nan tun wajen 2007 da 2008. Sanin abin da Kakuri ta ɗaura a wace shekara yana kawunan tsofaffin ma'aikatan kamfanin da tsofaffin kanikawa, waɗanda daga ƙarar inji suke gane matsala kafin a buɗe bonet. Su ne malaman ajin alƙalancinmu, in an rubuta abin da suka sani tun suna raye.

Abin da ya fi wuya shi ne kunya. Yaro ɗan shekara talatin zai iya rage wa motar Alhaji maki goma, alhali gobe a masallaci ɗaya za su haɗu? Garin Lafia da sarkinsa, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad, ya taso daga kujerar Kotun Ƙoli ya hau gadon sarauta a 2019 ba baƙon maganar alƙalanci ba ne, amma filin mota ba shi da ɗan sanda ko dogari. Shi ya sa dokokin Hershey suka fi maki 400 ɗin amfani a gare mu: kowa ya duba ɓangarensa kaɗai, jagora ne ke magana, kuma hujja daga takarda take fitowa. Da haka mai duba ƙarƙashin mota zai rubuta abin da ya gani, ya miƙa takarda, in Alhaji ya tambaya a nuna masa shafin da ke cikin littafi.