Bindigar Soja: Harsashi Ne Ke Zaɓa



Sojan mulkin mallaka Lee-Enfield ya riƙe, wadda sai an ɗana ta bayan kowane harbi. Bayan 'yancin kai aka koma FN ta Beljiyam. Yanzu AK ce a kusan kowane shingen soja, har masana'antar DICON ta Kaduna ta fito da tata, OBJ-006, a 2006.

Ni ɗan kasuwa ne ya haife ni, shi ya sa harsashi nake dubawa. Ko Beryl da aka sayo daga Poland, harsashin AK take ci. A ganina magajiyar AK ma shi za ta ci, don ba a zubar da kayan da suka cika sito. Abin da ke damuna, 'yan bindigar daji ma shi suke nema.