PlumpyField

PlumpyField haɗin gwiwa ne tsakanin masu binciken abinci mai gina jiki, da masana'antu, da ƙungiyoyin agaji, domin sarrafa abincin maganin tamowa a ƙasashen da suke bukatarsa. Kamfanin Nutriset na Faransa ne ya kafa shi a 2005, kuma masana'antar STA ta Yamai tana cikin na farkon shiga. A Kano ma akwai masana'antar NutriK.

Tushen abin shi ne Plumpy'Nut, wanda likitan yara André Briend na cibiyar bincike ta IRD da Michel Lescanne na Nutriset suka haɗa a 1996: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin madara, sukari, mai da sinadaran ƙarin lafiya. Ƙunshi ɗaya gram 92 ne, mai kalori 500. Ba dafawa, ba damawa da ruwa. Uwa ta yage bakin leda, yaro ya tsotse. Wannan ne ya sauya komai. A yunwar 2005 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara da shi a Maradi, akasarinsu a gida, kuma a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da tsarin jinya a gida. Yanzu a yankunan Damagaram irin su Dawce da Matamaye, uwa takan karɓi rabon mako a asibitin karkara bayan an auna damtsen ɗanta.

An soki Nutriset kan riƙe haƙƙin mallakar Plumpy'Nut, sukar da ba a rasa dalilinta ba. Manoman gyaɗa kuwa ba kullum suke cin moriya ba, don gubar fumfuna takan hana masana'anta sayen gyaɗar gida.